Yadda ake koyar da ɗaliban ilimin duwatsu gane ma'adinai da hasken eksire

Duk malamin da ya taɓa duba kundin binciken ɗaliban shekarar ƙarshe a sashen ilimin duwatsu ya san wannan shafi: zane mai tuddai da kwaruruka, a ƙarƙashinsa jerin sunayen ma'adinai da kwamfuta ta fitar, ɗalibi kuma ya liƙa shi yadda ya karɓo ba tare da ya san abin da ya haifar da tudu ko ɗaya ba. Laifin ba nasa ba ne, domin an nuna masa na'urar hasken eksire ne a matsayin akwatin da ake zuba gari amsa ta fito. Hanyar da zan bayyana a nan ta ginu a kan sharaɗi guda, wato kada ɗalibi ya taɓa manhajar da ke zaɓo sunan ma'adini sai ya niƙa samfuri da hannunsa, ya kuma yi lissafin da alƙalaminsa. Darasin yana cin kimanin mako biyar a cikin kwas ɗin ilimin ma'adinai, kuma mafi yawansa yana yiwuwa ko da sashen ba shi da na'urar tasa.

Mataki na farko: a sa ɗalibi ya ji buƙatar

Kada a fara da lissafi. A shigo aji da ƙananan kwalabe huɗu, ɗaya da garin ɓawon ƙwai, ɗaya da garin ɓawon katantanwa, ɗaya da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara ko Alƙaleri, ɗaya da niƙaƙƙen allin rubutu, sannan a ce ɗalibai su bambance su da dabarun da suka riga suka koya. Launi ba zai taimaka ba, tauri ba ya gwaduwa a kan gari, ƙwayoyin kuma sun yi ƙanƙanta ga madubin duba duwatsu. Ɗigon ruwan asid zai sa aƙalla biyu daga ciki su yi kumfa, amma daga nan hanya ta toshe, domin ɓawon ƙwai da ɓawon katantanwa sinadarinsu ɗaya ne. Na ƙwai kalsait ne, na katantanwa kuwa galibinsa aragonait ne, kuma ko an kai su gwajin sinadarai amsa ɗaya za ta dawo. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsu, kamar yadda daimon da bakin fensir suka fito daga sinadari ɗaya amma jeri ya raba su.

A nan ne malami zai kawo tarihin, a taƙaice. Röntgen ya gano hasken eksire a 1895. A 1912, a birnin Munich na Jamus, Max von Laue da abokan aikinsa Friedrich da Knipping suka haska shi ta cikin kiristal suka ga ya bar ɗige-ɗige masu tsari a kan farantin hoto, abin da ya tabbatar da cewa zarra a jere suke a cikin kiristal. William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka mayar da wannan ya zama abin awo a Ingila, suka fayyace ginin gishiri a 1913, suka sami kyautar Nobel a 1915 lokacin da ɗan yake da shekara 25. Ina ganin ya dace a faɗi shekarun nan nasa a aji, domin bai girmi waɗanda ke zaune a kan benci da yawa ba.

Mataki na biyu: a nuna karkatar haske da ido

Ɗalibinmu ya taso yana jin ana cewa tasha tana kan mita kaza a gajeren zango, saboda haka maganar tsawon zango ba baƙuwa ba ce gare shi. A gina a kan wannan. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa yana tsakanin angistirom 4,000 da 7,000, alhali tazarar da ke tsakanin zarra da zarra ba ta wuce 'yan angistirom ƙalilan ba, kuma angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita. Ba a auna tsinin allura da igiyar guga. Hasken eksire da ake samu daga tagulla tsawon zangonsa angistirom 1.54 ne, wato daidai da girman abin da ake son aunawa.

Gwajin da ya fi ratsa ɗalibai ba ya buƙatar komai sai tsohon faifan CD, da ƙaramar fitilar leza mai jan haske, da tef na awo. Layukan da ke kan faifan suna da tazarar maikuron 1.6 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), jan hasken leza kuwa tsawon zangonsa kimanin maikuron 0.65 ne. Idan aka haska faifan kai tsaye, hasken zai dawo kan bango a ɗigo fiye da ɗaya, kuma ɗigon farko na gefe zai fita a kusurwar da ta kai kimanin digiri 24, wato wajen santimita 45 daga ɗigon tsakiya idan bangon yana nesa da mita ɗaya. A bar ɗalibai su auna, su lissafa tazarar layukan da kansu, sannan a ba su faifan DVD, wanda tazararsa maikuron 0.74 ce, su ga ɗigon ya tsere can gefe. Abin da ake so ya zauna a zukatansu shi ne cewa idan tazara ta matse, kusurwa tana buɗewa. A gargaɗe su kada wanda ya nufi idon ɗan'uwansa da lezar, a kuma faɗa musu cewa lissafin faifai ya ɗan bambanta da na kiristal, domin faifan layuka ne a kan fuska ɗaya, kiristal kuwa hawa-hawa ne.

Mataki na uku: ƙa'idar Bragg, da fensir da rula

Wahalar da ɗalibai suka fi samu ita ce gane cewa kiristal ɗaya yana da tazara iri-iri. Misalin da ya fi sauƙi shi ne lambun mangwaro da aka dasa a kan layi. Mai tafiya a gefensa yana ganin sahu ya buɗe idan ya dubi lambun kai tsaye, ya ƙara gaba kaɗan ya ga wani sahun a karkace mai matsattsiyar tazara, alhali itatuwan ba su motsa ba. Haka zarra suke, kowane sahu da tazararsa, wadda ake yi wa alama da harafin d.

Kowane ɗalibi ya ja layi biyu a kwance a kan takarda, ya zana haske biyu suna saukowa a kusurwa ɗaya, ɗaya ya dawo daga layin sama ɗaya daga na ƙasa, sannan ya auna da rula ƙarin tafiyar da na ƙasan ya yi. Zai tarar ƙarin ya yi daidai da 2d sinθ, inda θ take nufin kusurwar da ke tsakanin hasken da layin. Idan ƙarin tafiyar ya zo daidai da cikakken tsawon zango ɗaya, ko biyu, ko uku, hasken biyu suna haɗuwa su ƙarfafa juna, kamar mata biyu da dakansu ya zo a tare, idan kuwa bai zo daidai ba sai su kashe juna. Wannan ita ce ƙa'idar nλ = 2d sinθ, inda λ take nufin tsawon zango, n kuma ɗaya, ko biyu, ko uku, kuma wanda ya fito da ita da rularsa ba ya buƙatar haddarta.

Akwai tuntuɓe guda da kusan kowane aji ke yi. Na'urar tana rubuta 2θ ne a ƙasan zanen, ba θ ba, saboda haka dole a raba lambar biyu kafin a nemi sain ɗinta. A yi misali ɗaya tare a kan allo: tudu mafi tsayi na kwaz, ma'adinin da ya fi yawa a yashi, yana fitowa a digiri 26.64, rabinsa 13.32, sain ɗinsa 0.2304, idan aka ninka shi biyu aka raba 1.5406 da abin da aka samu sai a sami angistirom 3.34. A kuma duba kalkuletar kowa, domin wadda aka bari a kan radiyan maimakon digiri tana ɓata aikin yini guda.

Gishirin miya shi ne samfurin da ya fi dacewa da aikin gida na farko, saboda gininsa mai kusurwa huɗu daidai wa daida ne. A ba su tuddansa a digiri 27.4, da 31.7, da 45.4, da 56.5, su fitar da tazarar kowanne, wato kimanin 3.26, da 2.82, da 1.99, da 1.63. Daga nan a nuna musu cewa idan suka ninka kowace tazara da tushen murabba'in 3, da 4, da 8, da 12 a jere, duk amsoshin suna komawa kan lamba ɗaya, 5.64, wadda ita ce faɗin ɗakin da ke maimaita kansa a cikin gishiri. Lambobin Miller, wato lambobin da ake yi wa kowane sahu suna da su, waɗanda daga gare su 3, da 4, da 8, da 12 suka fito, da suka haddace a darasin siffar kiristal ba tare da sun ga amfaninsu ba, a ranar nan suke zama abin aiki.

Mataki na huɗu: niƙa da cusa samfuri

Wannan shi ne matakin da aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi ɓata sakamako. Hanyar gari, wadda Debye da Scherrer suka fito da ita a 1916, Hull kuma ya gano ta daban a Amurka a 1917, ta dogara ne a kan cewa akwai ƙwayoyi masu ɗimbin yawa da suka fuskanci kowace nahiya, ta yadda kowane sahu zai sami waɗanda suka tsaya masa daidai. Idan garin tsaki-tsaki ne, ƙwayoyin ba su isa ba, sai wani tudu ya yi tsayin da bai kamata ba wani kuma ya ɓace.

A fasa dutsen ƙanana, a cakuɗa, a raba shi huɗu a ɗauki ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a maimaita har abin da ya rage ya zama kimanin giram ɗaya ko biyu, domin ɗan abin da za a gwada ya wakilci dutsen gaba ɗaya. A niƙa shi a ƙaramin turmin dutsen agat tare da 'yan ɗigon sifirit, wanda ke hana gari tashi yana kuma rage lalacewar ƙwayoyi. Niƙa ta yi idan garin ya wuce rariya mai ramin maikuron 45, ko kuma idan aka murza shi tsakanin yatsu aka ji shi sumul kamar hoda, babu ƙaiƙayin yashi. Abin da ya maƙale a rariya a mayar da shi turmi, kada a zubar, domin ma'adinai masu tauri ne suke maƙalewa, kuma zubar da su canza samfurin ne. A wanke turmin tas tsakanin samfuri da samfuri, wasu ma sukan niƙa tsabtataccen yashi a ciki kafin wankin.

Wajen cusa gari a mariƙinsa akwai kurakurai biyu. Na farko shi ne fuskar garin ta ɗara bakin mariƙin ko ta nutse ƙasa da shi, abin da ke gusar da dukkan tuddai gefe ɗaya. Na biyu shi ne a danne garin da ƙarfi ana shafa shi da gilashi, sai ma'adinai masu fale-fale irin maika da yumɓu su kwanta a kan fuska ɗaya kamar ganye a kan ruwa, tuddansu su kumbura su danne na sauran. Maganinsa shi ne a cusa garin ta bayan mariƙin ko ta gefe. A ganina darasin da ya fi kowane amfani a kwas ɗin shi ne a raba aji rukuni uku a kan samfuri ɗaya, rukuni ɗaya ya shirya shi yadda ya kamata, na biyu ya bar shi tsaki, na uku ya danne shi, sannan a ɗora zanukan uku a kan juna. Wanda ya ga dutse ɗaya ya ba da fuska uku ba zai sake karɓar sakamako ba tare da ya tambayi yadda aka shirya samfurin ba.

Mataki na biyar: gaban na'ura

Kafin kowa ya matso, a yi maganar kariya da gaske. Hasken da ke fitowa daga bututun na'urar yana da ƙarfin da zai ƙona yatsa a cikin daƙiƙu, kuma ba a ganinsa ba a jinsa a lokacin. Na'urorin zamani a rufe suke, kuma suna yanke hasken da zarar an buɗe ƙofa, saboda haka dokar da ba ta da sassauci ita ce ba a taɓa makullin kariyar nan don a yi sauri. Ba a kuma taɓa tagar bututun, domin da beriliyam aka yi ta, shi kuwa guba ne. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wato NNRA, ce ke da alhakin ba da lasisin irin waɗannan na'urori.

A shigar da ɗalibai biyar-biyar, a nuna musu abubuwa uku kawai: bututun da ke samar da haske, wurin zaman samfuri, da ma'aunin da ke zagayawa yana ƙirga hasken da ya dawo. A babbar na'ura ana yawan aiki da kilobolt 40, a bi daga digiri 5 zuwa 70 da taki 0.02. A fara da garin silikon, wanda tudunsa na farko ya kamata ya fito a digiri 28.44, domin a tabbatar na'urar tana kan daidai. Idan samfurin mai yawan baƙin ƙarfe ne, irin taman Itakpe, hasken tagulla yana sa shi fitar da nasa hasken, ƙasan zanen ya taso ya binne ƙananan tuddai, kuma shi ya sa wasu ɗakunan bincike suka fi son bututun kobal mai tsawon zango 1.79. Irin wannan bututun ne ke cikin na'urar gane ma'adinai ta CheMin da motar bincike ta Curiosity ta sauka da ita a duniyar Mas a 2012.

Sashen da ba shi da na'ura ya shirya samfuransa a gida ya aika su wata jami'a ko ɗakin binciken Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa da ke Kaduna, amma ya roƙi a ba shi ainihin lambobin da na'urar ta ƙirga, ba hoton zane da jerin sunaye kaɗai ba, tare da bayanin irin bututun da aka yi aiki da shi.

Mataki na shida: gane ma'adini da hannu, sannan kwamfuta

Hanawalt da abokan aikinsa sun tsara a 1938 cewa a nemi ma'adini ta tuddansa uku mafi tsayi, kuma har yau babu hanyar koyarwa da ta fi wannan. A ba kowane ɗalibi zane a takarda da teburin ma'adinai kamar ashirin, ya lissafa tazarar kowane tudu, ya jera su bisa tsayi, ya nema a teburin. Za su saba da wasu lambobin tazara, a ma'aunin angistirom, kamar yadda aka saba da fuskar maƙwabci: kalsait a 3.03, dolomait a 2.89, jifsam a 7.6, kawolinait, ma'adinin farar ƙasa, a 7.15, maika a 10. A nan kwalaben ranar farko suke dawowa, kuma sau da yawa allin rubutu yana fitowa jifsam ne ba kalsait ba.

Sai a ɗana musu tarko. Kuzar da ake haƙa a Jos babban tudunta yana a 3.35, na kwaz yana a 3.34, wato sun hau kan juna. Ɗalibin da ya tsaya a tudu ɗaya zai kira kuza yashi ko ya kira yashi kuza, kuma wannan kuskure ne da ke iya cinye dukiyar mutum. Abin da ke raba gardama shi ne sauran tuddan: kwaz yana da 4.26 da 1.82, kuza tana da 2.64 da 1.76. Dokar da za su riƙe ita ce ba a ambaci sunan ma'adini sai an ga dukkan manyan tuddansa, kuma ba a rufe aiki alhali akwai tudun da ba a san mai shi ba.

Bayan haka ne ake buɗe kwamfuta. Manhajoji irin Profex da QualX kyauta ne, haka rumbunan bayanan kiristal na intanet, wato COD da na RRUFF na Jami'ar Arizona, inda sashen da ba shi da na'ura zai iya sauke zanuka na gaske don aikin aji. Manhajar za ta kawo sunaye da yawa, wasunsu ma sinadaran masana'anta ne da ba a samunsu a dutse, kuma aikin ɗalibi shi ne ya tambayi kansa ko wannan ma'adini zai iya zama a irin dutsen da ya ɗebo, a irin wurin da ya ɗebo shi. A kuma gaya masa iyakar hanyar: ma'adinin da bai kai kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba yana iya ɓuya, abin da ba shi da jerin zarra irin gilashin dutsen aman wuta ba ya ba da tudu sai doro mai faɗi, tsayin tudu kuma ba shi ne yawan ma'adini kai tsaye ba.

Mataki na bakwai: yumɓu, da jarrabawa

Idan lokaci ya samu a ƙara mako ɗaya a kan yumɓu, domin a nan ne hanyar ba ta da madadi. A jiƙa samfurin a tsabtataccen ruwa a dogon gilashi, a girgiza, a bar shi kimanin awa huɗu, sannan a zuƙo santimita 5 na sama, inda ƙwayoyin da ba su kai maikuron 2 ba suke shawagi. A ɗiga a kan gilashi ya bushe, domin a wannan karon ana son ƙwayoyin su kwanta. A gwada shi sau uku: a bushe, bayan ya kwana a tururin gilaikol, da bayan an gasa shi awa ɗaya a zafin digiri 550. A cikin ma'adinan yumɓu, simektait yana kumbura daga wajen angistirom 15 zuwa 17 a gilaikol ya kuma faɗo 10 a wuta, kawolinait ba ya motsi a gilaikol amma tudunsa na 7.15 yana ɓacewa a wuta, ilait kuwa yana nan a 10 duk abin da aka yi masa. A haɗa farar ƙasar Ƙanƙara da baƙar lakar yankin Tafkin Chadi mai tsattsagewa da rani a gwaji ɗaya, ɗalibi zai ga dalilin da ya sa ake yin tangaran da ɗaya, ɗayar kuma take fasa titi da harsashin gini.

A jarrabawa, malami ya haɗa gari biyu ko uku da ya auna da kansa, ya ba kowane rukuni nasa haɗin ba tare da suna ba. Rahoton ya ƙunshi yadda aka shirya samfurin, da teburin lissafin hannu, da hujjar kowane suna da aka ambata, da jerin tuddan da aka kasa ganewa. A ba hujja maki fiye da suna, ta yadda wanda ya gano ma'adinai biyu ya kuma rubuta a fili cewa akwai tudu a wuri kaza da bai san mai shi ba zai ɗara wanda ya kwafo sunaye biyar daga manhaja. Ragowar garin kowane rukuni a zuba shi a kwalba, a rubuta wurin da aka ɗebo shi da ranar gwaji, a ajiye tare da lambobinsa don ajin baɗi.